Taguwar Da Ta Ƙi Jiki, Da Wanda Laifin Yake Wuyansa

Ga wata magana wadda ake ɗauka ƙanƙanuwa ce, alhali kuwa tana cin dukiyar talaka kowace shekara, tana kuma jawo ɓacin rai tsakanin miji da mata, da tsakanin malami da almajirinsa. Watau maganar taguwar da aka ɗinka a gida, aka gama, mai ita ya sa, ta ƙi zama a jikinsa.

Kowa ya san yadda abin yake aukuwa. Mutum ya tara ɗan abin da ya tara, ya je Kantin Kwari ko kasuwar garinsu ya yanko yadi, ya kawo gida ya miƙa wa uwargida, ko ƙanensa mai koyon keke, ko wani almajiri na zaure wanda hannunsa ya faɗa da allura. Ran jajiberin Salla a kawo masa riga. Ya zura kai, wuya ya shaƙe shi. Ya ɗaga hannu, rigar duka ta biyo shi sama. Ya ce, "Wannan kuma wa aka ɗinka wa?" Ta ce, "Maigida, ai a kan tsohuwar taka na auna." Daga nan sai a naɗe riga a jefa ƙasan adaka, a fita a sayo gwanjo, a yanke hukunci cewa ɗinkin gida ba shi da amfani.

Wannan hukunci na gaggawa ne. Galibin irin waɗannan riguna suna gyaruwa tsakanin La'asar da Isha, muddin wanda ya yanka ya bar abin da za a gyara da shi. Zare ana warware shi a sake, amma abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. Saboda haka tun ranar yanka aka san ko riga za ta karɓi gyara ko ba za ta karɓa ba.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa kakanni ba su sha wannan wahala ba? Dalili yana cikin saƙarsu. Masaƙin ƙasar Hausa yana fitar da tufa siririya mai tsawo, wadda ake kira ƙwarya, wata faɗin tafin hannu, wata kuwa ba ta kai inci 1 ba, kamar ta turkudin Kura. Maɗinki ya jera ƙwarya kusa da ƙwarya ya haɗa, kowane ɗinki a miƙe. In riga ta yi kaɗan a farke gefe a ƙara ƙwarya biyu, in ta yi yawa a zare biyu, babu abin da ya salwanta. Da irin wannan tufa Kano ta yi suna. Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a nan suna kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Abin mamaki, a cikin wannan shekara ta 1851 ne Isaac Singer ya yi rajistar kekensa na ɗinki a Amurka. Keken ya iso daga baya, ya zo tare da shat ɗin Turawa, ita kuwa ba a miƙe ake yanka ta ba. Ramin hannunta a lanƙwashe yake, kafaɗarta a gangare, wuyanta da kwala. Jamfa da kaftani na zamani duk sun ari wannan yanka, sa'an nan samari suka ƙara matse su. Mutanen gida sun koyi taka keke, amma lanƙwasar nan ba kowa ya koye ta ba, kuma dabarar kakanni ta barin wurin ƙari an yar da ita a hanya.

To, riga ta riga ta fito, ta ƙi. Abu na farko shi ne a daina zagi a dubi rigar, domin tana faɗin ciwonta da kanta. Mai ita ya sa ta ya tsaya yadda ya saba tsayawa, kada ya banƙare ƙirji kamar soja, wani dabam ya zagaya ya duba. In mai rigar ne yake waiwaye yana duba kansa, waiwayen nan kaɗai yana haifar da tattarewar da ba ta gaskiya ba. Inda aka ga yadi ya ɗame yana jan layi a kwance, wurin ya yi kaɗan. Inda aka ga ya zubo yana ninkewa a tsaye, wurin ya yi yawa. Inda kuwa layin ya tafi a karkace, a bi shi da ido, ƙarshensa yana nuna inda laifin yake, kamar yadda sawu yake kai mai bi har ƙofar ɓarawo.

Kuma daga sama ake fara gyara, domin riga a kafaɗa take rataye. Wanda ya fara da gindin riga ko gefenta kafin kafaɗa ta zauna zai yi aiki biyu. Kafaɗun mutane ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kafaɗa a zube, wadda ta gangara tun daga wuya. A jikinsa za a ga yadi ya taru yana saukowa a karkace daga gefen wuya zuwa hammata. Maganinsa a cire hannun rigar, a ƙara cin ɗinkin kafaɗa ta bakin hannu da kwatan inci ko rabi, a tafi ana ragewa har ya ɓace a gindin wuya, sa'an nan a sauko da hammata daidai gwargwadon abin da aka ci, don ramin hannu ya tsaya da girmansa na da, hannun ya koma mazauninsa. Akwai kuma mai kafaɗa a miƙe kamar an gicciya sanda. Shi kuwa rigar za ta ɗame a kan ƙashin kafaɗa, wani tudu ya tashi a baya ƙarƙashin kwala. Nasa maganin a saki ɗinkin ta bakin hannu. Amma da me za a saki in an aske yadin har bakin zare?

Akwai ciwo guda wanda ya fi damun masu karatun wannan shafi. Malamin da ya shekara 30 a sunkuye kan allo da littafi, da ɗan kasuwar da ya tsufa a zaune kan lissafi, bayansu ya ɗan tanƙwara, kansu ya ɗan yi gaba. Daga wuya zuwa ƙugu, bayan irin wannan mutum ya fi gabansa tsawo. In aka yanka masa gaba da baya daidai wa daida, sai rigar ta riƙa zamewa baya, wuyan gaba ya hau maƙogwaro, gindin baya ya ɗage ya yi tsalle. Yini guda malam yana jawo rigarsa gaba. Almajiri ya ga haka ya ce, "Allah gafarta Malam, wuyan ne ya yi kaɗan," ya ɗauki almakashi ya ƙara zurfin wuyan gaba. Gobe rigar ta sake zamewa, ya sake yankewa, har ƙirjin malam ya fito fili, shaƙewar kuwa tana nan. Ashe ba wuya ne ya gaza ba, baya ne. Abin da ake bukata a ƙara wa baya tsawo ta sama, rabin inci zuwa inci 1, a rage kwatankwacinsa daga gaba, ɗinkin kafaɗa ya matso gaba ya hau kan ƙashin kafaɗar mai ita. In babu rarar yadi a wurin, a yanko sabon ƙyallen kafaɗa mai zurfi daga ragowar yadin a maye gurbin na farko.

Mai tumbi kuma, Allah ya ƙara arziki, nasa akasin wannan ne. Gaban rigar ne yake ɗagewa, maɓallai suna hangame baki, layi yana tafiya a karkace daga tumbi zuwa gefe. Yana bukatar ƙarin tsawo a gaba da ƙarin faɗi a gefe. Faɗin ana samunsa da ƙyalle mai siffar harshen mashi, tsininsa a sama wajen hammata, faɗinsa a ƙasa. Tsawon kuwa daga kalmasa ake sakinsa, kuma a auna gindin rigar daga ƙasa zuwa sama da sanda, rigar tana jikin mai ita, ba a shimfiɗe a tabarma ba.

Sai maganar hammata, inda hankali yake ruɗin mutane da yawa. Mutum ya ɗaga hannu ya ji riga ta riƙe shi, sai ya ce a ƙara buɗe ramin hannu. Ana buɗewa abin ya ƙara lalacewa. Ga dalili. Inda hannun riga ya haɗu da jikinta a ƙarƙashin hammata, nan ne maɗaurinsu. In maɗaurin nan yana sama, kusa da hammatar mutum, hannu zai tashi shi kaɗai ya bar jikin riga a inda yake. In aka sauko da shi ƙasa da inci 2 ko 3, to an ɗaure damtsen mutum da haƙarƙarinsa, duk sa'ad da ya ɗaga hannu tilas ya ɗago rigar gaba ɗaya. Shi ya sa ake ganin mutum ya ɗaga hannu zai yi kabbara, ko zai sauko da bandir daga kan kanta, riga ta tattare ta yi sama. Ramin da aka zurfafa ba ya cikuwa da ɗinki. Amma kakanni sun bar magani, wanda ake gani a tsofaffin taguwoyi, watau ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu da ake sawa a hammata. A yanko shi inci 3 ko 4 kowane gefe. A farke ɗinkin gefen riga daga hammata zuwa ƙasa gwargwadon gefen ƙyallen, a farke na hannu shi ma haka, a dasa ƙyallen a ramin da ya buɗe, kusurwa ɗaya tana duban gwiwar hannu, ɗaya tana duban ƙugu. Da yake a karkace ya zauna, yadinsa yana miƙewa in an ja, yana komawa in an saki. In hannu yana ƙasa ba a ganinsa. Waɗansu samari suna raina shi wai ɗinkin ƙauye ne, su ne kuwa ake gani a kan babur riga ta tsage musu a hammata.

Wuya yana da nasa lissafi, wanda ya kamata mai almakashi ya haddace. Wuyan riga da'ira ne, kuma da'ira tana ƙaruwa fiye da yadda ido yake zato. In aka zagaye wuya aka aske kwatan inci kawai, kewayensa ya ƙaru da wajen inci 1 da rabi. Wanda ya aske rabin inci ya ƙara inci 3, ya mai da wuyan taguwa bakin tulu. Saboda haka a aske kaɗan, a gwada, a sake askewa in da bukata, har yatsu biyu su shiga tsakanin wuya da riga. Kwala kuwa ba ta miƙewa, in wuya ya sake sai a yanka mata sabuwa. Haka gefe yake da nasa ninki. Kowane ɗinkin gefe ya haɗa yadi biyu, gaba da baya, gefen kuma biyu ne, don haka kwatan inci da aka ci dama da hagu ya rage inci guda cif daga kewayen riga. Teloli kan ƙara inci 4 zuwa 6 a kan awon ƙirji don mutum ya sami wurin numfashi, kaftani ya fi haka. Tsawon hannu ba shi da wuya, a auna shi gwiwar hannu tana lanƙwashe, a rage ta wajen wuyan hannu. Sai dai a tabbata yana naɗuwa ya wuce gwiwar hannu, in ba haka ba kowace alwala sai an tuɓe riga.

Duk wannan wahala da ta ragu ƙwarai da an yi ɗinkin gwaji. Watau a fara haɗa riga da allurar hannu, manyan taku, da zaren da launinsa ya saɓa wa na yadi, ba kwala ba kalmasa. Mai ita ya sa, ya zauna ya harɗe, ya sunkuya, ya ɗaga hannuwa, ya miƙa su gaba. A gyara abu ɗaya a sake gwadawa, kada a taɓa wuri uku a lokaci guda a rasa wanda ya yi magani. Sai komai ya zauna a hau keke. Ɗinkin keke, Singer ne ko Butterfly, zare biyu ne suke sarƙewa, farke shi aiki ne, kuma a kan shadda yana barin huda wadda guga ba ta gogewa. A gefe da kafaɗa a bar rarar inci guda, a kalmasa a bar 2. Amma fa wannan duka yana son kwanaki, ga shi kuwa maigida sai azumi ya kai 27 yake kawo yadi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya kawo yadi a ƙurarren lokaci, ya ƙi tsayawa a auna shi, ya ce a duba tsohuwar rigarsa wadda aka ɗinka tun kafin ya yi tumbi, ya ɗauki kashi mai yawa na laifin da yake ɗora wa uwargida.

Yanzu magana ta zo kan 'yan kasuwa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai rigar da take zama daidai ranar Salla, a wanke ta sau ɗaya ta koma ta ƙanen mai ita. Auduga tana tsukewa in ta sha ruwa, ta fi kuma tsukewa ta tsawo, domin zaren tsaye a ɗame yake a kan masaƙa, in ya jiƙa sai ya saki jiki ya koma. Yadin da ya tsuke 5 cikin 100 zai cinye inci 2 daga riga mai tsawon inci 40. Tun 1930 wani Ba'amurke, Sanford Cluett, ya fito da hanyar tsuke yadi a masana'anta kafin a sayar, ana buga wa irin wannan yadi tambarin Sanforized, amma ba kowane yadi ake yi wa haka ba. Zamanin da masaƙar Kaduna ta KTL take fitar da akoko, daga buɗe ta a 1957 kafin ta rufe a 2002, mata sun san akoko ɗanyen yadi ne, sai an jiƙa shi ya kwana ya bushe ake sa masa almakashi. Yau yadi yana zuwa daga Sin da wasu ƙasashe a goge yana ƙyalli, sai aka manta da jiƙo. Mai rumfa ya san wanda yake tsukewa cikin hajarsa da wanda ba ya yi. Faɗa wa mai saye ba ya rage masa riba. Haka kuma faɗin yadi, akwai mai inci 36, akwai mai 45, akwai mai kusan 60, kuma yadi 4 na wannan ba yadi 4 na wancan ba ne. Fataken da suke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi da Damagaram sun san wani bambancin. Yadi inci 36 ne, mita kuwa ta haura 39. Wanda aka ce masa ya sayo mita 5 ya sayo yadi 5 ya dawo da giɓin kusan rabin yadi, kuma daga rarar gefe da kalmasa maɗinki zai cike giɓin nan. Balle wanda yake jan yadi ya ɗame shi a kan sandar awo, ko ya yanka a karkace. Masu karatun wannan shafi ba su bukatar a tuna musu surar da ta yi magana a kan masu tauye awo.

Shadda mai tsada, irin Getzner ta ƙasar Ostiriya, tana da uzuri, domin ba mai son ya jiƙa ta ƙyallinta ya ragu tun ba a sa ba. Wannan gaskiya ne. Sai a biya da rara, a ƙara tsawo da faɗi kaɗan tun wurin yanka, a bar kalmasa mai zurfi wadda za a saki bayan wankin fari.

Malaman fiƙihu ba su raina wannan babi ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai sana'a yana lamunin kayan mutane da ya tafi da su ya yi aiki ba a gaban mai su ba, ko da lada ya yi ko ba lada. Sun kuma daɗe da tattauna mas'alar mutumin da ya nuna wa maɗinki yadi ya tambaye shi ko zai isa riga, aka yanka bai isa ba, suka bambanta tsakanin wanda ya yi tambaya kawai da wanda ya gindaya sharaɗi cewa kada a yanka sai in zai isa. Amma hukuncin lamuni an gina shi ne a kan wanda ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki. Uwargida da take ɗinka wa mijinta, da almajirin da yake yi wa malaminsa hidima, ba su buɗe shago ba. Abin da ya dace da su a zauna a nuna musu inda layin ya karkata, a ba su rigar su farke da hannunsu. Wanda aka ƙwace wa riga aka kai wa tela bai koyi komai ba, baɗi ma haka zai yanka.

Akwai dai rigar da ba ta da magani, kada a ɓata zare a kanta. Ita ce wadda aka yanka ba bisa tsayuwar zare ba. Alamarta, bayan wanki ɗinkin gefe ɗaya ya murɗo gaba, ɗayan ya koma baya, a goge ta miƙe, a wanke ta sake murɗewa. Rigakafinta tun kafin yanka ne, a zare zare ɗaya daga bakin yadi zuwa baki a bi sawunsa da almakashi, sa'an nan a ninke. In ta riga ta auku, sai a farke ta duka, a miƙe yadin bisa zarensa, a fitar da taguwar yaro daga ciki. Ragowar ƙyallayen da suka faɗi wurin yanka kuwa na mai yadi ne, a ƙulle su a ajiye, kuma duk sa'ad da za a wanke rigar a cikin watannin farko a jefa ɗaya ko biyu cikin ruwan, don ranar da za a nemi na hammata ko na kafaɗa launinsu ya zo daidai da na rigar.